Costache a Ɓangaren Masu Rai

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a bayan teburin kyandir na cocinmu, kuma duk takardar sunayen da za ta kai hannun Fada Ilarion sai ta bi ta nawa. Kowane gida da tasa. A hagu masu rai, a dama masu barci, da ɗan gicciye a samansu, don mu ba ma rubuta "matattu" a takarda. Na san rubutun kowa. Na san wadda ke manta surukarta da gangan, na san wanda har yau ya ƙi rubuta ɗan'uwansa saboda rigimar iyakar gona.

Sai ƙauyen ya watse. Wasu suna Torino da Padova can Italiya suna jinyar tsofaffin mutane, wasu suna tsinkar tumatir a gonakin Almeria. Amma duk inda ɗan garinmu yake, yana so a kira sunan mamatansa a nan, inda ƙasusuwansu suke. A da sai su yi ta kirana a waya, ina rubutu da waya a maƙale a kafaɗa har wuyana ya sage. Smaranda ce ta raba ni da wannan wahala.

Smaranda matar ƙanena ce, Costache. Ranar da ya fara kawo ta gida na ce wa mahaifiyarmu wannan ba za ta yi wata uku ba. Siririya, ga tabarau, ga shiru kamar an aiko ta ƙirga mana cokula. Ta yi shekara ashirin da shida a gidansa, don haka ba ni da bakin magana. A ɗakin kwamfuta na kamfanin sukari ta koyi sana'arta, can cikin gari. Da kamfanin ya rufe, sa'o'inta suka hau bas zuwa Italiya, ita kuwa ta ɗauko kwamfuta ta ajiye kusa da murhu, ta sayi agwagi. Ita ta yi wa likitan dabbobi shafin intanet, ta yi wa mai sayar da taya, ta yi wa wani masauki a bakin daji. In tana aiki tana tauna 'ya'yan kabewa tana yi wa kwamfutar faɗa ƙasa-ƙasa, kuma na ji ta gaya mata maganganun da ba ta taɓa gaya wa mutum ba.

Shekara uku da suka wuce ta yi wa coci nasa shafin. Kowane gida yana da jerinsa a ajiye. Mutum zai buɗe fom a wayarsa, ya zaɓi ranar da yake so a karanta, ya aiko, ni kuma in buga a firintar da ke ƙarƙashin teburina. In an yi rasuwa ne kawai sai an kira ni, in gaya wa Smaranda, ita kuma ta canza.

Allah bai ba su haihuwa ba. Costache direban tirela ne, mako uku yana hanyar Jamus, mako guda yana gida. Ta saba da rashinsa, kuma ina ganin wannan sabon ne ya cuce ta. A ƙarshen watan Yuni aka same shi a cikin motarsa a wani wurin hutawar direbobi, zuciya ta tsaya, takalmansa a jere a kan matakalar motar yadda ya saba ajiye su. Aka kawo mana shi. Smaranda ta yi duk abin da ake yi, na kwana uku da na tara da na arba'in. Ta dafa koliva, alkamar nan mai zuma da ake yi wa masu barci, ta raba kwanuka da tawul. Ko ɗigon hawaye ba a gani ba, kuma matan ƙauye sun samu abin taunawa.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki ta zo mini da sabon abu. Ta sa wata 'yar kibiya a gefen kowane suna a shafin. In an yi wa mutum rasuwa, sai ya danna, sunan ya tashi daga hagu ya koma dama, ba sai ya kira kowa ba. Na ce madalla. A raina na ce ta samo abin da za ta ba hannunta ne, kuma ban ga laifinta ba.

Asabar ɗin Kakanni ita ce ta farko a watan Nuwamba, ranar da ake kiran duk masu barci na duk gidaje. Ranar Laraba da safe na fara buga takardu. Ina dubawa ɗaya bayan ɗaya, don ban yarda da na'ura ba ko da Smaranda ce ta hore ta. A takarda ta tara na ga Profira a cikin masu rai. Profirar da aka kawo akwatin gawarta daga Torino a watan Satumba, ni na riƙe mata kyandir a bakin kabari. Nan take na kira ɗanta.

"Kai Tudorel, uwarka ta tashi ne ba ka gaya mana ba?"

"Inna Aglaia, wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Ga ta nan cikin masu rai, tsakaninka da matarka. Wata biyu kacal har ka manta inda ka kai ta?"

Ya ce, "Wallahi na mayar da ita dama. Da yatsana na danna kibiyar, na ga ta koma ƙarƙashin Baba. A cikin bas nake, har wata mata ta miƙo mini hankici. Na aika, ya ce an karɓa, an gode."

Na san Tudorel da lalaci, amma ban san shi da ƙarya ba. Na zauna na bi sauran takardun da yatsa, kafin tsakar rana na samu goma sha huɗu, duk mutanen da muka binne tun bazara, duk suna zaune abinsu a hagu. Waɗannan kuma waɗanda na sani ne. Wanda ya rasu a ƙasar mutane aka binne shi can, ta ina zan gane? Can ƙasa na ci karo da takardar gidan ƙanena. A hagu suna biyu ne, Smaranda da Costache.

Na ɗaura ɗankwali na nufi gidanta. Na same ta a tsakar gida tana watsa wa agwagi masara. Na ɗaga mata takardun.

"Matarmu, kibiyarki ba ta aiki."

"Tana aiki, Yaya," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "A cikin wayar mutum take aiki. Akwai ɗan umarni da na rubuta, yana tafiya tare da shafin, shi ke ɗaga suna daga hagu ya ajiye a dama. Amma duk wannan a gaban idon mai wayar ne kawai. In ya danna aikawa, abin da ke cikin guraben fom ne kaɗai ke tafiya wurin babbar kwamfutar da ke riƙe da jerin. Layukan sunayen nan biyu ba gurabe ba ne, abin kallo ne. Ita babbar ba wanda ya gaya mata an matsar da kowa, sai ta ɗauko tsohon jerin da ta sani ta ba ki."

"To maganin fa?"

"Gurbi ɗaya da ba a gani. Duk sunan da aka matsar, umarnin ya rubuta lambarsa a ciki, ya tafi tare da saƙon. Kin tuna yadda Profira ta ɗinke wa Tudorel adireshi a cikin rigar sanyinsa ranar da zai tafi? Haka ne. Aikin awa ɗaya."

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san bambancin mai neman dalili da mai karanto shi. Ba ta karɓi takardun ba, ba ta buɗe kwamfuta ba, ba ta tambaye ni sunan ko mutum ɗaya ba.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta juye sauran masarar gaba ɗaya, agwagin suka rufa a kai.

"Tun Agusta."

"Smaranda."

"Ranar da na ɗora shi, da sunansa na gwada. Na danna, ya koma dama, ƙarƙashin Baba da Inna. Na aika. Na shiga ɓangaren da kike bugawa don in duba, sai na gan shi a hagu, kusa da ni. Na sake, ya dawo. Sau huɗu, Yaya." Ta cire tabarau tana gogewa da bakin rigarta. "Ban yi minti ɗaya ba na gane inda kuskuren yake. Na ce gobe zan gyara."

Tausayi ya kama ni, tsoro ya kama ni, amma haushi ne ya riga su zuwa bakina. Na ce mata ƙanena ne kafin ya zama mijinta, kuma ni ma ban ƙi ya dawo ba. Na ce uwayen mutane fa, da suka yi wata biyu a inda ba nasu ba saboda gobenta da ba ta zuwa? Na ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita ba. Ta bar ni na gama.

"In kin gyara, kowa zai koma inda ya dace?" na tambaye ta da na ɗan huce.

"A'a. Abin da suka matsar bai taɓa isowa ba, babu inda zan samo shi. Sai kowa ya sake."

Gida ɗari da sittin da uku ne, rabinsu a ƙasashen waje, ga shi Laraba ta raba. Na jira ta ce za ta yi. Ta ɗauki kwanon masara ta shige ɗaki.

Daga nan gidan Fada Ilarion na wuce. Na same shi a kan tsani yana tsinke ragowar tuffa, da tsohuwar rigar sanyi a kan baƙar rigarsa. Na zayyane masa komai ina tsaye a ƙasa.

"Duk gidan da ya tabbatar miki da bakinsa, gyara da biro, Mama Aglaia," in ji shi. "Wanda bai faɗa ba kada ki taɓa. Takardar gida ta masu gida ce."

"Na Costache fa, Fada?"

"Ke kin sa shi a taki?"

"Tun Yuni."

"To zai samu ta wurinki. Amma tata, ita za ta rubuta. Ba zan kira shi cikin masu rai ba alhali ni na binne shi, kuma ba zan matsar da shi a bayan idonta ba. In ta bar shi haka, sai in tsallake gidan."

A wurinmu gida-gida ake karantawa, yadda suke jere a kan titi, daga gada zuwa rijiya. Kowa ya san wanda ke bin wani. Sau ɗaya na ga an tsallake gida a rayuwata, kuma har yau in za a yi kwatancen jikokinsu da wannan ake yi. Ba Costache kaɗai za a rasa ba, har iyayen Smaranda da kakanninta, waɗanda ba su da wani mai rubuta su sai ita.

Ranar Alhamis da sassafe na koma da cuku da sauran tuwon masara a matsayin ban haƙuri, don ni ban iya faɗinsa da baki ba. Na tarar da ita a gaban kwamfuta, ɓawon 'ya'yan kabewa ya cika faranti. Na jawo kujera na zauna. Rubutu ne ƙanana masu launi-launi a baƙin allo, ban gane ko ɗaya ba, amma na ga gyaran take yi.

"Ga gurbin," ta ce, ta nuna mini layi guda. "Ga inda kibiya ke rubutawa a ciki. Nan kuma babbar take karantawa, ta duba ko lambar ta wannan gidan ce, kada wani ya kwantar da maƙwabcinsa don mugunta."

"Akwai waɗanda za su yi, na san su da suna."

"Na kuma cire 'an karɓa, an gode'. Yanzu in mutum ya aika, za ta nuna masa jerin yadda yake a wurinta, ya gani da idonsa. Da na yi haka tun farko, da Tudorel ya kira ki tun Satumba."

Da za ta gwada, na zuba ido in ga sunan da za ta taɓa. Sai ta ƙirƙiri gidan ƙarya ta cika shi da sunayen agwaginta. Ta danna kibiya a kan Contesa, babbar farar nan mai cizo.

"Ki dai goge kafin Asabar," na ce, "kada Fada ya yi wa agwagwa addu'a."

Ta aika. Shafin ya juya, ya dawo, ga Contesa a dama ƙarƙashin gicciye. Ta sake da wata, ita ma ta zauna. Daga nan ta rubuta saƙo zuwa duk gidajen. Na so ta ce na'ura ce ta samu matsala, ta ƙi. Ta rubuta cewa kuskurenta ne, ta daɗe da sani ba ta gyara ba, tana roƙon duk wanda ya matsar da suna tun Agusta ya sake kafin yammacin Juma'a.

Kwana biyun nan ban ci abin kirki ba. Ina zaune a coci ina kiran waɗanda ba su amsa ba. Wannan yana wurin aiki an hana shi riƙe waya, wancan ya manta yadda ake shiga, wata ta zage ni tas kafin ta sake. Duk lokacin da sabon jeri ya iso sai in buga in yaga tsohon. Zuwa yammacin Juma'a sunaye talatin da takwas suka koma dama. A cikinsu na ga Lenuta ta gidan Pintilie, wadda na yi wa kitso ranar aurenta. Ashe ta rasu a Valencia tun Oktoba, can aka binne ta, ban ji ba. Da biro na dogara da shi, da na bar ta cikin masu rai.

Saura takarda ɗaya. Kafin rana ta faɗi na leƙa gidanta, na same ta a bakin murhu tana juya alkama a tukunya. Koliva take dafa masa.

"Matarmu, saura ɗaya."

"Na sani."

"Fada zai tsallake gidan."

"Na ji, Yaya. Miƙo mini zumar nan."

Na miƙa mata. Na koma coci na ɗauki tsohuwar takardarta da biro, na daɗe ina kallon sunan ƙanena. Layi ɗaya zan ja, in rubuta shi a dama, Fada ba zai tambaya ba. Na mayar da biron cikin aljihu, kuma har yanzu ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni ko tsoron Smaranda ba.

Ranar Asabar sanyi ya sauko sosai. Tun kafin ƙararrawa mata suka cika dogon tebur da farantan koliva da burodi mai kitso da kwalaben ruwan inabi, kowane da kyandir a soke. Ina miƙa kyandir ina kallon ƙofa. Fada ya leƙo daga ciki ya miƙo hannu.

"Takardun, Mama Aglaia."

"Ba ni minti biyar, Fada. Firintar ce ke mini gardama."

Ya dube ni, ya dubi firintar da ke zaune lafiya lau, ya koma ciki.

Ƙararrawa ta biyu tana kaɗawa ta shigo, da faranti a hannu biyu, tabaranta ya yi hazo saboda ɗumin cocin. Ta ajiye farantin a kan teburina, a kan kyandirorina, abin da ba na yarda kowa ya yi. Ta cire safar hannu da haƙori ta ciro waya. Sau biyu wayar ta ƙi jin yatsanta don sanyi, sai da ta hura masa iska. Na ga kibiyar, na ga sunan ya tashi ya koma dama. Ta tsaya. Mata biyu suna bayanta suna jiran kyandir, na harare su suka ja baya.

Ta aika. Shafin ya juya, ya dawo. Ta daɗe tana kallo.

"Ya zauna," in ji ta. "Aikin ya yi kyau."

Na buga. Takardar ta fito da ɗuminta, na kai wa Fada da kaina ba tare da na duba ba, karo na farko a shekara goma sha tara.

Masu rai ake fara kira. Ya taso daga gada gida-gida, da saurin nan nasa da yake haɗiye rabin suna. Da ya iso gidan ƙanena ya ce, "Smaranda," ya ja numfashi don suna na biyu yadda bakinsa ya saba, sai ya tarar babu. Ya wuce gida na gaba.

Da aka zo kan masu barci, kowa ya kama gefen farantinsa ana ɗagawa ana saukewa tare da waƙar. Na bar teburina na je na tsaya kusa da ita, na kama ɗaya gefen. Aka kira Profira, aka kira Lenuta. Aka kira mahaifin Smaranda da mahaifiyarta da kakanninta huɗu, sannan aka kira Costache. Farantin ya karkata wajenta har kyandir ɗin ya kusa faɗuwa, sai na ƙara hannu na riƙe mana shi ni kaɗai har aka gama.